Kalkulas: lissafin abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Ɗalibin da ya shiga jami'a don karanta injiniyanci, kimiyya, kwamfuta ko tattalin arziki, da wuya ya gama shekarar farko bai ci karo da kalkulas a jerin kwasa-kwasansa ba. Wasu tun kafin su ga fuskar malamin, na gaba da su sun riga sun tsorata su, wai nan ne ake zubar da mutane. Ita kuwa kalmar, asalinta babu abin tsoro. Daga harshen Latin take, ma'anarta ƙaramar tsakuwa, irin wadda Rumawan da suke jerawa su yi ƙidaya. Har yau da ita likitoci ke kiran tsakuwar da ke fitowa a ƙoda.

Yawancin lissafin sakandare da abin da ke zaune yake ma'amala: faɗin fili, tsawon igiya, motar da gudunta ba ya canzawa. Kalkulas tambayarsa daban ce. Abu yana canzawa, to da wane sauri yake canzawa a daidai wannan ƙiftawar ido?

Mu ɗauki tsakuwar nan mu sake ta daga saman dogon bene. Idan ana son sanin mita nawa ta faɗo, sai a ninka adadin sakan da kansa, a ninka da 5 (ainihin lambar 4.9 ce, na cika ta don sauƙi). Bayan sakan 2 ta faɗo mita 20, bayan sakan 3 mita 45. Ke nan a wannan sakan guda ta ci mita 25. Amma wannan matsakaicin gudu ne, tunda ƙara sauri take yi. Nawa ne gudunta daidai lokacin da agogo ya cika sakan 2?

Sai a rage tazarar. Daga sakan 2 zuwa 2.1 ta faɗo mita 2.05, a raba da 0.1, ya ba da 20.5. Daga 2 zuwa 2.01 amsar 20.05 ce. Daga 2 zuwa 2.001 kuma 20.005. Kowa ya ga inda lambobin suka dosa. In ka ce bari in mai da tazarar sifili in huta, sai ka tarar kana raba sifili da sifili, abin da ba shi da ma'ana. Don haka ba a taka wurin, ana dai matsowa kusa da shi iya son rai. Wannan 20 ɗin da ake dosa ita ce iyaka, wadda a aji za ka ji ana ce mata limit, kuma a kanta aka gina kwas ɗin gaba ɗaya.

Abin da muka yi yanzu shi ne reshe na farko, difarenshiyal, mai auna saurin canji. Na biyu, intagiral, baya yake komawa: a ba ka gudun a kowane lokaci, ka yanka lokacin gutsi-gutsi, ka tara, ka fitar da nisan duka. Babbar ƙa'idar fannin ta ce kowanne yana warware aikin ɗan'uwansa, kamar tarawa da ɗebewa.

Tunanin ya daɗe. Archimedes, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya auna da'ira ta hanyar zana siffofi masu gefe 96 a ciki da wajenta. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya auna cikin wata siffa mai kama da kwano shekara kusan dubu da ta wuce. Waɗanda suka ɗinke rassan biyu su ne Isaac Newton a Ingila, wajen 1665 zuwa 1666 lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge, da Gottfried Leibniz na Jamus, wanda ya riga shi bugawa a 1684. An daɗe ana rigimar wa ya saci aikin wa. Masana tarihi a yau sun yarda kowa da kansa ya gano, sai dai alamomin Leibniz ne suka yi nasara: dy/dx ta difarenshiyal da doguwar S ɗin nan ta intagiral duk nasa ne.

Ɗalibin da iyaka ta rikita shi kada ya ji kunya. A 1734 Bishop George Berkeley ya yi wa masu kalkulas ba'a, cewa suna raba lamba da wani abu, sannan su juya su ce abin sifili ne. Yana da gaskiya, kuma sai a ƙarni na 19 masana lissafi Cauchy da Weierstrass suka tsara ma'anar iyaka yadda ta toshe wannan kafa.

A ganina, ba kalkulas ne ya fi kayar da ɗalibai ba, aljabra ce. Duba takardar wanda ya faɗi, sau da yawa za ka ga ya gane tambayar, ya kama hanya daidai, sai a layi na uku ya buɗe baka biyu ya manta alamar ɗebewa, ko ya rubuta cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². Shi ya sa jami'o'i da dama ke sa kwas na share fage kafin kalkulas, inda ake maimaita aljabra da lissafin kusurwoyi da zanen giraf.