Waiwaye: yadda koyar da fiziks na kwantum ya sauya salo

A Disamba 1900 masanin fiziks Max Planck ya ce makamashi a ƙulli-ƙulli yake zuwa, ba kwarara yake kamar ruwa ba, kuma wannan ne tushen fiziks na kwantum. Heisenberg a 1925 da Schrödinger a 1926 suka gina lissafin da ke bayyana hakan. Daga nan jami'o'i suka kafa tsarin koyarwar da aka daɗe a kansa: ɗalibi ya shekara biyu yana gogewa a lissafi mai zurfi, sannan a ba shi ƙwayar da aka kulle cikin akwati, a bi da zarrar haidirojin. Duk a kan allo.

Tsarin ya yi amfani a zamaninsa. Tiransista ta 1947 da leza ta 1960 daga kwantum suka fito, amma injiniyan da ke aiki da su bai taɓa buƙatar sarrafa ƙwaya guda ita kaɗai ba.

Abin ya canza ne lokacin da Bennett da Brassard suka fito da hanyar raba makullin sirri ta ƙwayoyin haske a 1984, sannan Peter Shor ya nuna a 1994 cewa kwamfutar kwantum za ta iya warware lissafin da tsarin ɓoye saƙo na RSA ya dogara a kai. Kuɗi suka biyo baya. Birtaniya ta buɗe shirinta a 2014 da fam miliyan 270, Tarayyar Turai ta ware yuro biliyan 1 na shekara goma a 2018, Amurka ta kafa dokarta a Disambar 2018 da kimanin dala biliyan 1.2. A 2016 kuma kamfanin IBM ya ɗora na'ura mai kiyubit 5 (kiyubit shi ne ƙaramin ma'ajin bayani na kwamfutar kwantum) a intanet, kowane ɗalibi na iya aika mata aiki.

Nan giɓin da ke tsakanin koyarwa da aiki ya bayyana. Kamfanoni ba masu digiri na uku kaɗai suke nema ba. Kiyubit irin na IBM yana zaune cikin firji mai cakuɗa hiliyam-3 da hiliyam-4, a sanyin kusan milikelbin 15, wato dab da iyakar sanyi, ana yi masa magana da siginar maikurowef ta wajen gigahaz 5. Dole a sami wanda ya iya gano inda iska ke yoyo, ya haɗa wayoyi ba tare da sun kai zafi ciki ba, ya daidaita bugun sigina kullum domin saitin yana gocewa. Tsohuwar manhaja ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Shi ya sa malamai da yawa suka juya manhajar, suna farawa da abu mai hali biyu kacal, kamar gwajin Stern da Gerlach na 1922 inda zarrorin azurfa suka rabu gida biyu cikin maganaɗisu. Lissafinsa bai wuce jadawali mai layi biyu da lambobin da ake kira "complex" ba. Gwaji mafi araha shi ne na matatan haske uku, waɗanda kowacce ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kaɗai ya wuce. A gitta biyu a kusurwar digiri 90, haske ya ɗauke. A cusa ta uku tsakaninsu a kusurwar digiri 45, sai kusan kashi ɗaya cikin takwas ya fito. Idan aka sa ta ukun a gaba ko a baya, duhu ne, kuma nan ɗalibi ke gane cewa awo yana canza abin da aka auna.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne jimlar nan ta "kiyubit sifili ne kuma ɗaya a lokaci guda". Tana da daɗin faɗa, amma tana ɓoye cewa hanyoyi biyu na iya soke juna, kuma a can ƙarfin na'urar yake. Ɗalibin da ya haddace ta ba ya iya bayyana dalilin da ya sa amfani da ƙofar Hadamard (umarnin da ke gauraya sifili da ɗaya) sau biyu ke mayar da kiyubit inda ya fara. Matsala ta biyu ita ce dogaro da kwaikwayon kwamfuta marar kuskure. A na'urar gaske halin kiyubit yana lalacewa cikin 'yan ɗaruruwan maikurosakan ko ƙasa da haka, don haka ya kamata a sa ɗalibi ya gudanar da shiri ɗaya sau 1,000 a kwaikwayon da kuma a na'urar gaske, ya kwatanta sakamakon, ya faɗi daga ina bambancin ya fito.