Waiwaye: yadda dabarar shinge ta fito daga ɗakin hoki ta mamaye filin lakros

Wanda ya kalli wasan lakros na jami'o'in Amurka a yau zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Ɗan gaba na riƙe da ƙwallo a ragar sandarsa, sai abokinsa ya rugo ya dasa ƙafa a hanyar ɗan bayan da ke bin sa. Mai ƙwallon ya goga kafaɗa da abokin ya wuce, ɗan baya ya yi karo da mutum. Shinge ke nan. Takun nan ɗaya da aka ci ya isa a harba ƙwallo raga.

Da can ba haka wasan yake ba. Asalinsa na ƙabilun Arewacin Amurka ne irin su Haudenosaunee, waɗanda ke buga shi a makeken fili da jama'a masu yawa, har ɗan mishan Jean de Brébeuf ya ba da labarinsa a 1636. A 1867 wani likitan haƙori a Montreal, George Beers, ya tsara masa dokoki. Filin maza na yau yadi 110 ne a tsawo, 60 a faɗi, mutum goma-goma. Da irin wannan sarari, mai gudu da iya zilliya bai cika buƙatar kowa ya tare masa hanya ba.

Matsi ne ya raya dabarar. A farkon shekarun 1930 masu ɗakunan hokin ƙanƙara a Kanada suka ga ɗakunansu na zama fanko lokacin zafi, sai aka shigo da lakros ciki. Wasan ya koma na mutum kaɗan (shida-shida a yau), bango ta ko'ina, raga ƙarama wajen ƙafa 4, ga gola ya sha sulke ya kusan cika ta. Ba wurin gudu, kamar lungun kasuwa ranar cinta. Dole mutum biyu su haɗa kai: ɗaya ya yi shinge, ya juya ya nufi raga, a miƙa masa ƙwallo cikin cunkoso. Bahagwai kan tsaya ta dama, masu hannun dama ta hagu, don kan sanda ya fuskanci tsakiya. Masu kallon ƙwallon kwando sun san wannan salo sarai. James Naismith ma, wanda ya ƙirƙiro ta a 1891, ɗan Kanada ne kuma ya buga lakros.

Amurkawa sun daɗe suna ganin wannan harkar 'yan ɗaki ce. Sakamako ya sauya musu ra'ayi. Kanada ta doke su a wasan ƙarshe na gasar duniya ta fili a 1978, ta sake a 2006 da 2014. Tagwayen nan Gary da Paul Gait, da suka tashi da wasan ɗaki a Victoria, sun hana kowa sakat a Jami'ar Syracuse a ƙarshen shekarun 1980. A 2015 Jami'ar Denver ta ɗauki kofin jami'o'in ƙasar ƙarƙashin koci Bill Tierney, kuma mai tsara masa hari, Matt Brown, ɗan Kanada ne. Ga kuma Lyle da Miles Thompson na ƙabilar Onondaga, waɗanda su ma suka tashi da wasan ɗaki, da suka raba kyautar Tewaaraton ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2014.

A fili dabarar ta samu wani amfani da babu shi a ɗaki. Ana barin kowace ƙungiya ta sa dogayen sanduna huɗu, masu kai inci 72, yayin da gajeruwa ba ta wuce inci 42. Ɗan gaba mafi haɗari doguwar sanda ake liƙa masa. To sai a turo ɗan tsakiya, wanda mai gajeriyar sanda ke tsaro, ya yi masa shinge. Idan 'yan bayan suka yi musanya, gwanin ya samu abokin karawa mai sauƙi. Idan suka ƙi, an bar shi ya tsere.

Inda ake samun saɓani shi ne doka. A wasan fili na maza, mai shinge dole ya tsaya cak. In ya motsa ya bangaji ɗan baya, alƙali ya busa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. A ɗaki kuwa an fi sassauci, ana barin motsi da ɗan turi. A wasan mata ana hukunta shingen da aka kafa inda 'yar baya ba ta gani, ba a kuma ba ta sararin tsayawa ba. A ganina dokar fili ta fi adalci, sai dai rabin daƙiƙa ke raba halas da laifi, kuma alƙalai ba sa gani iri ɗaya.

Tun da aka sa wa wasan maza na jami'o'in Amurka agogon daƙiƙa 80, wato wa'adin da ƙungiya za ta harba ƙwallo raga, a 2019, lokacin zagaya ƙwallo ana jiran kuskure ya ragu, shinge ya ƙara daraja. Salon da za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028 na mutum shida-shida ne, a ƙaramin fili, da agogon daƙiƙa 30.