Babu Tsutsa a Cikin Haƙori

Da sanyin Jos ya kankama, layin masu ciwon haƙori a asibitinmu sai ya ƙaru. Za ka ga mutum ya naɗe fuska da mayafi, kunci a kumbure. Ka tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce ai ya kai wata shida, tsutsa ce, har an taɓa yi masa turare an fitar da ita.

Jama'a, babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sauran sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cinye haƙori a hankali har ya yi rami. Wanda ya san haka, shayi mai sukari cokali huɗu da alewar da yara ke tsotsa wuni guda zai fara ragewa. Wanda ya yarda da tsutsa kuwa, ruwan batir zai ɗiga ko ya danna ƙwayar asfirin a dasashi, ya ƙone naman wurin, ramin kuma yana nan yana zurfi. Ramin da aka kawo da wuri cike shi ake yi. Idan ya kai ga jijiya, aikin ya yi tsada, sau da yawa sai cirewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yara. Wata uwa daga Unguwar Rogo ta kawo ɗanta mai shekara 8, turminsa, wato babban haƙorin tauna na can ciki, ya ruɓe.

"Malama, ai na ɗauka zai yi famfara wani ya fito," in ji ta.

Ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa gaya mata. Wannan turmin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, ba shi da magaji.

Haka jinin dasashi. Mutum ya ga jini a buroshi sai ya daina goge wurin, alhali dattin da ya taru ne ya kumbura dasashin, gogewar ce maganinsa.

Asuwaki yana da kyau, kada a bari. A haɗa da man goge baki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) sau biyu a rana, musamman kafin barci, minti biyu. A tofar da kumfar, kada a kurkure. Ɗan ƙasa da shekara 3, a shafa masa man kamar ƙwayar shinkafa kawai.

Yau da dare ki haska bakin ɗanki da fitilar waya, ki duba haƙoran can baya. In kin ga baƙin ɗigo ko rami, ki kawo shi ko da bai ce yana ciwo ba.