Shin Zamindar Yana Da Ikon Doka A Ƙauyen Indiya?

Masu kallon wasannin Indiya da yawa sun ɗauka har gobe doka ce ta ba zamindar, wato babban mai filaye a ƙauye, ikon karɓar haraji da korar manomi. Ba haka abin yake ba.

A 1793 Turawan Ingila suka mayar da masu tara haraji a Bengal mamallakan ƙasa, bisa sharaɗin biyan ƙayyadadden kuɗi ga hukuma. Su ne zamindar. Wanda ya kasa biya kafin faɗuwar rana a ranar wa'adi, sai a yi gwanjon ƙasarsa. Bayan 'yancin kai na 1947 jihohi suka soke tsarin. Jihar Uttar Pradesh ta yi dokarta a 1950.

Ƙarfin da ya saura ga zamindar na bashin da yake bin manoma ne, da fifikon asali, da gonakin da aka rubuta da sunan dangi don kauce wa dokar ƙayyade yawan filin da mutum zai iya mallaka.

In kuna kallo, ku lura da shekarar da labarin ya faru, sannan ku nemi dokar filaye ta jihar a intanet. Don Allah ku tura wa abokan kallonku.