Rabon Gaɓa da Furucin Dogayen Kalmomin Ingilishi Masu Tushen Girkanci

Dogayen kalmomin Ingilishi masu tushen Girkanci, irin su philosophy da pneumonia, sun fi yawa a fagen kimiyya da likitanci, kuma sau da yawa inda saiwoyinsu suka haɗu daban yake da inda baki ke raba gaɓoɓinsu.

Asali

Galibinsu ta hanyar Latin da Faransanci suka shiga Ingilishi, musamman daga wajen ƙarni na 16, daga bisani masana kimiyya suka riƙa ƙirƙirar sababbi daga tsofaffin saiwoyi. Romawa ne suka soma rubuta wasu haruffan Girkanci da ph da ch da y, a Ingilishi kuwa ana furta ph kamar f, ch kuma kamar k a chemistry. Girkawa suna furta baƙaƙe biyun da ke farkon psychology da mnemonic, amma Ingilishi bai yarda kalma ta fara da irin wannan jeri ba, don haka baƙin farko ya tsaya a rubutu kawai. Wasalin e na ƙarshen catastrophe da hyperbole kuwa gaɓa ce mai zaman kanta.

Ƙarfin murya

A nan ma ƙa'idar Latin ce ta rinjaya: idan gaɓa ta biyu daga ƙarshe mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko ta ƙare da baƙi, a kanta ƙarfin murya ke sauka, in ba haka ba ya koma kan ta uku. Ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, ita ma takan matsar da shi, domin a photograph yana gaɓar farko, a photography yana ta biyu, a photographic kuma ta uku.

Rabon gaɓa

Tsohuwar al'adar maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fifita yanka kalma a mahaɗar saiwoyi, wato bio-graphy, ƙamusoshin Amurka kuwa furuci suke bi, su yanka biog-raphy. Misali mafi ban sha'awa shi ne helicopter, wadda Gustave de Ponton d'Amécourt ya ƙirƙira da Faransanci wajen 1861 daga helico, abu mai murɗewa, da pteron, fiffike. Masu magana sun raba ta heli-copter, har copter ta zama kalma mai cin gashin kanta, alhali ba ta da ma'ana a Girkanci.

Saɓani

Har yau ana saɓani kan kilometre: wasu na ƙarfafa gaɓar farko, wasu ta biyu.