Launi, siffa da inuwa a hoton ƙarƙashin ruwa

Hoton ƙarƙashin ruwa shi ne wanda ake ɗauka kyamara tana nitse, ko mai ɗauka ya yi nutso da ita, ko ya zura ta daga kwalekwale. Babban abin da ya raba shi da hoton tudu shi ne ruwa yana cin haske, kuma ba ya cin launuka daidai wa daida.

Launi

A tsaftataccen ruwan teku ja ne ke fara ɓacewa, a zurfin kamar mita 5. Ruwan goro na bin sa wajen mita 10, ɗorawa wajen mita 20, sannan kore. Shuɗi ne ke jurewa har ƙarshe. Shi ya sa mai nutso in ya yanke a can ƙasa yake ganin jininsa kore-kore. Tazarar da ke tsakanin kifi da kyamara ita ma tana cikin lissafi, don haka masu sana'ar ke matsowa dab da abin da za su ɗauka, su haska shi da fitila mai walƙiya domin jan ya dawo.

Tarihi

An fi danganta hoton farko ga William Thompson na Ingila a 1856, wanda ya zura kyamara cikin teku a gaɓar Dorset yana daga sama. Wasu sun fi ba Louis Boutan na Faransa wannan matsayi, tun da shi da kansa ya nutsa, a Banyuls da ke gaɓar tekun Faransa, wajen 1893. Kayan aikinsa nauyi gare su ƙwarai, kuma hoto guda yakan ci har minti 30 kafin ya kama. Duk waɗannan baƙi da fari ne. Mai launi sai a 1926, lokacin da William Longley da Charles Martin suka ɗauki kifi a tsibiran Dry Tortugas na Amurka. Hasken rana bai ishe su ba, sai suka riƙa kunna garin maganiziyam a kan wani katako mai yawo a saman ruwa, walƙiyarsa ta haska ƙasa. Mujallar National Geographic ta buga hotunan a Janairun 1927. Tulun numfashi da Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera a 1943 ya raba mai nutso da tiyon iska daga jirgi, sannan kamfanin Nikon ya fito da Nikonos a 1963, kyamarar da ke shiga ruwa ba tare da akwatin da ke kare ta daga jiƙewa ba.

Siffa

Haske na karyewa idan ya ratso daga ruwa zuwa iskar da ke bayan shimfiɗaɗɗen gilashin akwatin kyamara, sai abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gilashi mai kama da ƙoƙo yana gyara wannan.

Inuwa da ruwan Kebbi da Zamfara

Alƙaluman da ke sama na teku ne. Gulbin Rima, Neja a Yawuri da madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara ruwa ne mai ɗauke da laka, musamman da damina, kuma laka tana rina komai ruwan ƙasa. Fitila ma ba ta cika taimako ba: haskenta na dukan ƙwayoyin laka ya dawo fari-fari, kamar fitilar mota cikin hazon hunturu. Dabarar ita ce a kau da fitilar gefe, nesa da idon kyamara, ko a kashe ta ɗungurungum a kalli sama, kifi ko ƙasan kwalekwale ya fito baƙi a kan hasken rana. A irin wannan ruwa siffa ce ke riƙe hoto: doron giwan ruwa, gashin bakin tarwaɗa, bakan homa.

A kogin Matan Fada kuwa, ranar kamun kifi ta bikin Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, dubban masunta ne ke aukawa lokaci guda da homa da gora, su dame ruwan. Sanannun hotunan bikin daga gaɓa ko kwalekwale ake ɗaukarsu.