Duwatsun Stonehenge a tsakiyar hunturu: ga amsoshin, a daina maimaita min tambaya

Duk shekara da Disamba ta kama sai saƙonni su fara shigowa kan taron tsakiyar hunturu da ake yi a Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu a filin Salisbury na kudancin Ingila, tambayar bara ita ce ta bana. Na tara su a nan. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wace rana ce?

21 ko 22 ga Disamba, ranar da yini ya fi gajarta a arewacin duniya. A kudancin Ingila yinin da ƙyar yake kai awa 8. Rana ta fito bayan 8 na safe, wajen 4 na yamma ta faɗi.

Ana biyan kuɗi?

A safiyar nan hukumar English Heritage mai kula da wurin tana buɗe shi kyauta, har cikin da'irar. Yawancin sauran ranaku da tikiti, kuma daga bayan igiya za ka tsaya, haka abin yake tun ƙarshen shekarun 1970.

Zan iya kunna kyandir ɗaya tak a gindin dutse?

A'a. Kowa ɗaya tak yake cewa. Kakin yana narkewa ya shige ramukan dutsen, hayaƙin ya bar baƙi, zafin ya ƙone gansakukar da ta ɗauki shekaru aru-aru tana yaɗuwa a jikinsa. Wuta kuwa tana fasa dutse. Ka je tsohon kabarin West Kennet, wanda ya haura shekara 5,000, kusa da Avebury, ƙauye mai tasa da'irar duwatsun a arewa da Stonehenge, ka ga 'yan gwangwanayen kyandir da mutane ke bari a lungunansa. Ni abin yana ƙona min rai.

Su waye suka gina?

Manoma da makiyaya na zamanin da ba a san ƙarfe ba. An fara da haƙa rami zagaye wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, aka kafa manyan duwatsun wajen 2500, kowanne kimanin tan 25. Ƙananan daga tsaunukan Preseli na Wales aka kawo su, tafiyar fiye da kilomita 200. Masu fararen riguna da kuke gani a hoto, 'yan Druid, wato masu raya tsohon addinin gargajiya na Birtaniya, ba su suka gina ba.

Musulmi ko Kirista zai iya zuwa?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Yawancin masu zuwa kallo ne ya kai su, ba wanda zai sa ka yi wani abu. Kallon dutse daban, roƙon dutse daban. Fatawa kuma wurin malamai take.

Na tarar da abubuwan da wasu suka ajiye. In kwashe ko in bari?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ba ka amsa guda ba, domin ya danganta da abin da ka tarar da kuma inda ka tarar da shi.

Mutane suna barin furanni, tuffa, gurasa, sulalla, duwatsu masu ƙyalli, hotuna, wasu su ɗaura ƙyalle a reshe kamar yadda ake yi a manyan bishiyoyin Avebury. Wanda ya ajiye ba da wasa ya ajiye ba. Wata, ƙila ɗanta ta rasa a shekarar, wani alwashi ya ɗauka. Ban yarda da aƙidarsu ba, amma ba zan tattake abin da mutum ya ajiye da hawaye a gabansa ba, kai ma kada ka yi. Idan mai abin yana nan, ka ƙyale shi.

Idan ya tafi fa? Ni ga yadda nake yi, kuma na san akwai masu saɓa min. Leda, roba, gwangwanin kyandir, kwalba, ƙyallen da ba ya ruɓewa, duk ina kwashewa, domin a Avebury tumaki suna kiwo a tsakanin duwatsun, abin da ka bari a ciyawa cikinsu zai shiga. Fure da ganye ina barinsu, sai dai in cire igiyar da aka ɗaure su da ita. Abinci ya fi wuya: yana ruɓewa, gaskiya ne, amma kafin nan ya jawo ɓeraye, kuma ba kowane abincinmu ne ya dace da dabba ba. Yawanci ina ɗauka.

Sulen da aka cusa a tsagar dutse kuwa, kada ka sa wuƙa ko makulli ka ce za ka ciro. Ƙarfen yana tsatsa ya kumbura ya ƙara tsagar, shi ya sa a 2025 hukumar National Trust mai kula da wuraren tarihi ta roƙi masu zuwa Giant's Causeway, wasu duwatsun bakin teku a Ireland ta Arewa, su daina. Amma ɓarnar mai cirowa da ƙarfi tana iya fin ta mai cusawa. Ka nuna wa ma'aikatan wurin. Haka abin da aka binne: kada ka tona. Dokar 1979 ta Birtaniya ta hana haƙa a irin waɗannan wurare ba da izini ba, ko don binnewa ko don tonowa, kuma a Stonehenge akwai tokar gawarwakin mutane da dama a ƙasa. Maƙabarta ce.

A Stonehenge ɗin kanta ma'aikata suna nan, bar musu aikinsu. Ƙananan da'irori na ƙauye, inda ba mai gadi, su suka fi buƙatar ka zo da jaka.

To ni me zan bari?

Ba komai. Idan hannunka yana ƙaiƙayi, ka ba masu kula da wurin gudummawa.

Fitowar rana ake kallo ko faɗuwarta?

Taron da safe ake yi, amma a hunturu saitin duwatsun na faɗuwar rana ne, ta kudu maso yamma, tsakanin ƙafafu biyu na jerin da ya fi tsayi (duwatsu biyu a tsaye da ɗaya a gicciye a kansu), wanda ƙafa ɗaya ce ta rage a tsaye. A Durrington Walls, tsohon mazaunin mutanen wancan zamani da ke nan kusa, ƙasusuwan aladu sun nuna a hunturu ake yanka su don babban biki.

Idan hadari ya rufe rana?

Sau da yawa yana rufewa. Ingila ce, Disamba ce. Ka sa takalmin taɓo, safa biyu da rigar ruwa, ka zo da shayi a fulas, domin iskar filin Salisbury ba ta da abin tare ta.